Jerin Littattafan Karatu a Manyan Makarantu: Faɗaɗa Shi da Sauraren Ƙorafin Ɗalibai

Jerin littattafan karatu shi ne sunayen littattafan da makaranta ko malami ke ɗora wa ɗalibi kafin ya kammala wani darasi. Kashi biyu ne. Akwai na dole, waɗanda ake ciro tambayoyin jarrabawa daga cikinsu, akwai kuma na shawara, waɗanda ake cewa wanda ya samu sarari ya duba. A kwaleji da lise na Nijar ma'aikatar ilimi ce ke tsara manhaja, malamin aji ya bi. A jami'a igiyar ta fi sassauci: sashe ya amince da darasi, malamin da ke riƙe da shi ya zaɓi abin da za a karanta. Sau da yawa jerin bai wuce takarda guda ba, wani lokaci ma layi biyar ne a kan allo, amma daga nan ɗalibi ke gane su wa ake kira marubuta, da kuma waɗanne garuruwa ne suka isa a rubuta labarinsu.

Faɗaɗa jerin na nufin shigar da waɗanda aka daɗe ana tsallakewa: marubutan ƙasar ɗalibin, mata, masu rubutu da harsunan gida, da waɗanda suka ba da tarihi ta bakin wanda aka ci da yaƙi. Maganar ta fi fitowa fili idan aka dubi ɗalibin da ya taso a wuri irin Waca, ƙaramar hukuma a gundumar Magarya, maƙwabciyar Dungas, a kudancin jihar Damagaram. Kafin wannan ɗalibi ya ci bak ya shiga jami'a a Damagaram ko Yamai, ya riga ya ratsa rumbunan karatu uku waɗanda da ƙyar suke gaisawa da juna.

Na farko shi ne lakwal, inda Faransanci ke mulki. Na biyu shi ne zaure, mai nasa tsohon jeri da kowane almajirin ilimi ya sani: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, har zuwa Muhtasar, ga Ishiriniya da Burda a gefen yabo. Na uku babu malamin da ya ɗora shi. Littattafan Hausa ne na soyayya da zaman iyali da ake rubutawa a Kano da kewaye, waɗanda a da suke tsallako iyaka a cikin kayan ƴan kasuwa, yanzu kuma suna zuwa ta WhatsApp, ko a saurare su ana karantawa a waya. Rumbun farko ne kaɗai ke ba da takardar shaidar da gwamnati ta sani, shi ya sa duk gardamar jerin karatu a kansa take.

A zamanin mulkin mallaka jerin lakwal na Faransa ne zalla. Yaro ya fara da Mamadou et Bineta, littafin koyon karatu da André Davesne ya tsara don makarantun Afirka, in ya yi nisa ya haɗu da La Fontaine, Molière, Corneille, Racine da Victor Hugo. Bayan samun ƴancin kai a 1960 sai marubutan Afirka suka fara samun gurbi a ajujuwan ƙasashen da Faransa ta rena: Camara Laye na Gine da L'Enfant noir na 1953, Ferdinand Oyono na Kamaru da Une vie de boy na 1956, Seydou Badian na Mali da Sous l'orage, Cheikh Hamidou Kane na Senegal da L'Aventure ambiguë na 1961, sai Ahmadou Kourouma da Sembène Ousmane. Ba da sauƙi aka buɗe wannan ƙofa ba. A 1964 Abdou Moumouni, masanin kimiyya ɗan Nijar wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fitar da L'Éducation en Afrique, inda ya soki makarantar da aka gada daga Turawa, ya kuma nemi a koyar da yara da harsunansu. A 1968, a can jami'ar Nairobi, Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu suka rubuta takarda suna neman a rushe sashen Ingilishi a kafa wanda adabin Afirka zai zama ginshiƙinsa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a Damagaram.

Nijar ba ta rasa marubutan da za ta cika gurbin da su ba. Ibrahim Issa ya fitar da Grandes eaux noires tun 1959. Boubou Hama ya ci babbar lambar adabin Afirka a 1971 da Kotia-Nima, Idé Oumarou ya ci irinta da Gros plan. Amadou Ousmane ya rubuta 15 ans, ça suffit! a 1977, Mahamadou Halilou Sabbo ya rubuta Abboki a kan matasan da ke barin gida su tafi neman kuɗi ƙasashen gaɓar teku. Wannan na ƙarshe ba ya buƙatar dogon sharhi ga ɗan Magarya ko Dungas, domin kusan babu gidan da bai san tafiya cirani ba. André Salifou, ɗan Damagaram, ya rubuta tarihin masarautar a ƙarni na 19 da kuma wasan kwaikwayon Tanimoune, kuma jami'ar garin, wadda aka kafa a 2010, sunansa ta ɗauka daga baya. Abdoulaye Mamani ya fitar da Sarraounia a 1980.

Duk waɗannan maza ne, kuma duk da Faransanci suka rubuta. Nan ne aikin faɗaɗawa ya fi gurguncewa. A fagen mata, sunan da ya fi yawo shi ne na Mariama Bâ ta Senegal, mai Une si longue lettre na 1979, labarin matar da mijinta ya yi mata kishiya bayan shekaru masu yawa na aure. Littafi ne mai kyau, sai dai idan shi kaɗai ne a jeri, ɗalibi zai ɗauka mace ɗaya ce ta taɓa riƙe alƙalami. Alhali Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin ƴan taru da jajisai masu kai karatu ga matan ƙauye. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, masu magana kan kishi da saki da aurar da yarinya ba ta shirya ba, da harshen da ɗalibar Waca ke mafarki da shi. An fassara na farkon zuwa Ingilishi a 2012, wani kamfanin ɗab'i na Indiya ya buga shi, wato ɗalibi a wata nahiya na iya samunsa a jerinsa alhali maƙwabcin marubuciyar bai samu ba.

Shigar irin waɗannan littattafai jami'a ta sha gardama a arewacin Najeriya, kuma gardamar tana da darasi ga Nijar. Sassan Hausa sun daɗe a kan littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ganɗoki na Bello Kagara, da sauransu, sai Magana Jari Ce da ya biyo baya. Da sababbin marubuta suka cika kasuwa, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa rubutun nasu suna adabin kasuwar Kano, yana ganin bai kai ya zauna kusa da na Imam ba. Abdalla Uba Adamu da wasu suka mayar da martani a jaridu a ƙarshen shekarun 1990, suna cewa rubutun da dubban matasa da matan aure ke karantawa ya cancanci nazari ko da mai nazarin ba ya sonsa. Hukuma ma ta shigo. A 2007 an ƙone tarin littattafan Hausa a bainar jama'a a wata makarantar ƴan mata a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Ibrahim Shekarau, daga baya hukumar tace finafinai da ɗab'i ta nemi marubuta su yi rajista. Ƙonawar ba ta rage masu karatu ba. A yau kundayen digiri a kan waɗannan littattafai sun yi yawa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina.

A kudancin Damagaram akwai cikas da ya riga gardama zuwa, wato rashin littafin kansa. Malami na iya rubuta sunaye goma a allo, a ƙarshe aji ya taru a kan kwafi ɗaya da ake ta yi wa fotokwafi, ko hotunan shafuka da ake turawa a waya. Yawancin littattafan marubutan Nijar a Faransa ko Dakar aka buga su, wasu sun ƙare a kasuwa tun tuni, saboda haka ya fi sauƙi a samu Molière da a samu Halilou Sabbo. Kamfanonin ɗab'i irin su Albasa da Gashingo sun fitar da littattafai da harsunan ƙasa, amma abin da suka fi bugawa na ƙananan ajujuwa ne. Ɗakin karatu na cibiyar al'adun Faransa da Nijar da ke Damagaram, wanda ɗaliban lise da jami'a ke dogaro da shi a lokacin, wuta ta ci shi a tarzomar Janairun 2015 da ta biyo bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo. A watan Maris na 2025 sabon kundin da mahukuntan Nijar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Doka ta buɗe hanya, amma sai an buga littattafai, an horar da malaman da suka iya koyar da adabi da Hausa, kafin ta iso aji.

Da zarar jeri ya faɗaɗa, ƙorafi na ƙaruwa, kuma hakan ba abin mamaki ba ne. Ɗalibi ba ya jin zafin abin da Racine ya faɗa game da sarakunan Girka, domin ba danginsa ba ne. Littafin da ya taɓo aurensa, ko addininsa, ko kakanninsa, shi ne ke tayar da shi tsaye. Ƙungiyar ɗalibai ta USN ta saba yajin karatu a kan kuɗin tallafi da abinci da wurin kwana, amma ƙorafin littafi ba ta wannan hanya yake bi ba. Yakan zo ne a hankali: ɗalibi ya tsaya bayan darasi, ko uba ya aiko da saƙo, ko a ji maganar a bakin mai wa'azi.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne na tarbiyya da addini. Littafi ya kwatanta abin da kunya ke hana faɗa, ko wani daga cikin mutanen labarin ya furta abin da Musulmi ba zai furta ba. L'Aventure ambiguë kansa, duk da marubucinsa Musulmi ne da ya san makarantar allo, labarin yaro ne da imaninsa ya girgiza bayan karatun falsafa a Faransa. Irin wannan ƙorafi ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. A ƙarshen 1998 iyayen wasu ɗalibai a Jami'ar Amurka da ke Alƙahira suka kai ƙarar malama Samia Mehrez saboda ta sanya Al-Khubz al-Hafi na Muhammad Shukri ɗan Maroko, tarihin ƙuruciyarsa cikin talauci wanda bai ɓoye komai ba, har maganar ta cika jaridun Masar. A 2002 kuma, a Jami'ar North Carolina ta Amurka, abin ya juya: littafin Michael Sells mai fassarar gajerun surorin Alƙur'ani aka ɗora wa sababbin ɗalibai, wata ƙungiyar Kiristoci ta kai ƙara kotu. Kotu ta ƙi hana tattaunawa a kan littafin. Jami'ar ta ba duk wanda ba ya son karantawa damar ya rubuta shafi guda yana bayyana dalilinsa. Ɗalibi Musulmi da ke ganin kotun ta yi daidai yana da abin tunani a ranar da aka miƙa masa littafin da shi ba ya so.

Nau'i na biyu shi ne ƙorafin tarihi, kuma ya fi na farko amfani ga aji. Sarraounia misali ne. Mamani ya ɗauki labarin sarauniyar Aznan Lugu da ta tsaya wa ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine a 1899, ayarin da ya ƙone garuruwa ya karkashe jama'a a ƙasar Hausa, ya mai da ita jarumar ƙasa, Med Hondo ya yi fim da labarin a 1986. Amma littafin ƙagaggen labari ne, ya ƙara abubuwa da yawa a kan ɗan abin da takardun sojan Faransa da bakin mutanen Lugu suka adana, kuma ya nuna ɓangaren Sakkwato da malamai a matsayin abokan gabar sarauniyar. Ɗalibin da ya ce ba a yi wa Musulmi adalci a ciki ba yana da hujjar da za a saurara. Haka ɗan Waca da aka ba shi tarihin Damagaram. Waca da Dungas da Miriya ƙasashen Sosebaki ne masu nasu sarauta, waɗanda suka koma ƙarƙashin Damagaram a ƙarni na 19. Abin da ake kira bunƙasar daula a fadar Sarkin Damagaram Tanimu yana iya zama da wani suna a bakin tsofaffin Waca. Maganin irin wannan ƙorafi shi ne a ƙara karatu: a bar littafin a jeri, a aiki ɗalibin gida lokacin hutu ya ɗauko abin da maroƙa da dattawa ke faɗa, a jera su gefe da gefe. Haka aka yi da Heart of Darkness na Joseph Conrad, wanda ya fito a 1899, shekarar da Voulet ke ɓarna a Ƙonni. Bayan Chinua Achebe ya zarge shi da wariyar launin fata a wata lacca a 1975, jami'o'i da yawa ba su cire littafin ba, sai suka riƙa ba da shi tare da sukar Achebe.

Akwai kuma ƙorafin amfani. Wasu ɗalibai kan ce ba su bar gida don a koya musu Hausa ba, Faransanci ne ke ba da aiki. Tsoron nasu na gaskiya ne muddin jarrabawar ɗaukar ma'aikata da Faransanci ake yin ta, kuma ba a kawar da shi da faɗa. Sai kuma wanda littafin ne ya yi masa kauri, ya lulluɓe kasala da rigar addini. Gogaggen malami kan gane shi da tambaya ɗaya: a wane shafi abin yake?

Wannan tambaya ita ce matakin farko ga kowane irin ƙorafi, domin gani ya kori ji, kuma da yawa daga masu ƙorafi labarin littafin suka ji. Idan ɗalibi ya nuna shafin, sai a bambanta masa abin da marubuci ya kwatanta da abin da yake kira a aikata. Malamin da ke koyarwa a wannan yanki ba sai ya aro hujja daga Turai ba, tana nan a zaure. Malaman fiƙihu da tafsiri sun daɗe suna karantar da Shu'ara, waƙoƙin Larabawan jahiliyya, masu ambaton giya da mata da alfaharin kabila, suna karantar da Maƙamar Hariri, wadda gwarzonta Abu Zaidu mayaudari ne mai cin abinci da zaƙin baki. Ba wanda ya taɓa cewa malamin da ya biya wa almajiri waƙar Imru'ul Ƙaisi ya halatta abin da ke cikinta. An karanta ne don lugga, don a fahimci harshen da Alƙur'ani ya sauka da shi. Ɗalibin da ya zauna a gaban malamin zaure ya san wannan bambanci tun kafin ya ga ƙofar jami'a, tunatar da shi kawai ake yi.

Sauran matakan na tsari ne. A raba jerin tun makon farko, a faɗi abin da kowane littafi ya ƙunsa da dalilin zaɓensa, don kada ɗalibi ya ji an yi masa kwanton ɓauna. A saurari mai ƙorafi a keɓe kafin a kai maganar gaban aji, kada a mai da shi abin dariya, kada kuma a mai da shi kakakin addininsa ko garinsu. Ba a tilasta wa kowa karanta shafi mai nauyi da babbar murya, musamman a ajin da maza da mata ke haɗe, inda kunya kan rufe bakin ɗaliba ko da ta fi kowa fahimtar littafin. Idan littafin na shawara ne, musanya shi da wani mai irin jigonsa ba ta rage komai. Idan na dole ne, wanda darasin ya ginu a kansa ko jarrabawar ƙasa ke tambaya a kai, musanya cutar da ɗalibin ne, gara a ba shi damar ya rubuta sukarsa, a kuma ba shi cikakken maki in ya kafa hujja daga cikin littafin, ko da ra'ayinsa ya saɓa wa na malami.

Ba kullum ne malami ke da gaskiya ba. Akwai littafin da ya dace da ɗalibin shekarar ƙarshe a jami'a amma ya yi wa ɗan shekara sha biyar a kwaleji nauyi, akwai kuma wanda aka sa don suna kawai alhali wani zai yi aikin da ya fi nasa. Saboda haka sassan da suka tsara aikinsu ba sa barin malami shi kaɗai da mai ƙorafi. Ƙorafin da ya wuce aji ana rubuta shi, da sunan littafi da lambar shafi, a miƙa wa shugaban sashe, malamai biyu ko uku da suka karanta littafin su duba, a ba ɗalibin amsa a rubuce. Canjin jeri kuwa ana jinkirta shi zuwa ƙarshen shekara, lokacin da sashe ke zama ya duba abin da aka karanta, abin da aka kasa samu a kasuwa, da abin da ya kamata a ƙara a shekara mai zuwa.